Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 Daga 'Yan Kasuwar Kayan Gona na Briqueterie

Zuwa ga masu girma shugabannin hukumomin da ke riƙe da harkokin kasuwanci, noma, kiwo, sufuri da tsaron hanya a Jamhuriyar Kamaru. Kwafi ga iyayenmu sarakuna, da limamai, da shugabannin kasuwanni, da ƙungiyoyin 'yan'uwanmu direbobi.



Ranku ya daɗe, mu ne masu sarin albasa, gyaɗa, wake, masara, dawa da gero, da fataken shanu da tumaki, da mahauta, da masu tsire da kilishi, da dillalai da 'yan dako da ke zaune a unguwar Briqueterie, muna neman abincinmu a kasuwannin Mokolo da Mfoundi da karar Etoudi. Mun zauna mun yi shawara, manya da yara, bakinmu ya zo ɗaya. Mun ba da wa'adin kwana 21, daga ranar da aka karɓi wannan takarda aka buga mata hatimi. Idan kwanakin suka cika ba a kira wakilanmu an zauna da su ba, kuma ba a taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da za mu zayyana ba, za mu daina lodin kaya daga Arewa zuwa Yawunde. Yadda za mu yi hakan yana nan a rubuce a gaba, don kada wani ya ce an yi masa ba-zata.

Ba jiya muka zo garin nan ba. Jamusawa sun kafa tasharsu a Yawunde a 1889, kuma tun a zamaninsu kakanninmu suke gangarowa ta Banyo da Tibati da Yoko, su ƙetare kogin Sanaga da shanu da kanwa da tufafi, su koma da abin da kurmi ke bayarwa. Jirgin ƙasa bai iso Yawunde ba sai 1927, ya tarar da Bahaushe yana kasa kayansa. A nan aka haifi iyayenmu, a nan muka binne su, a nan muke biyan haraji. Saboda haka wannan magana ce ta 'yan gida, kuma ɗan gida ne ke da hurumin ya faɗa wa maigida cewa rufin ɗaki na yoyo.

Duk lokacin da farashin abinci ya tashi, musamman gab da azumi ko babbar sallah ko kirsimeti, abu ɗaya muke ji a rediyo da bakin jama'a: 'yan kasuwa sun ɓoye kaya, 'yan kasuwa ba su da tausayi. Sai masu binciken farashi su shigo kasuwa da takarda da kwaɗo, a rufe rumfar mai kiri, a ci shi tara, a tafi. Ba wanda ya tambaye shi nawa buhun ya iso hannunsa. To yau muna roƙon ku biyo mu a hankali, mu bi buhun albasa guda ɗaya tun daga lambu har tiren uwar da ke kasa ta a Mokolo, ku gani da idonku inda kuɗin ke maƙalewa.

Albasar da Yawunde ke ci, yawancinta daga Arewa Mai Nisa take fitowa, daga lambunan Meskine da kewayen Marwa, da Koza da Mora, sai kuma wadda ake nomawa a wajajen Garwa. Manomi zai yafa iri a ƙarshen damina, ya dasa, ya yi watanni yana ban ruwa da injin da ke shan fetur. Takin zamanin da zai zuba daga waje ake kawo shi, kuma kowa ya san yadda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke. Idan rani ya yi, lambuna duka su nuna a lokaci guda, kowa ya cire, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Manomi ba shi da rumbun da zai riƙe albasa wata biyar ba ta ruɓe ba, ga mai bashi a ƙofar gida, dole ya sayar a yadda ta kama. Bayan 'yan watanni, idan ruwan sama ya sauka kaya suka yi ƙaranci, buhun nan da ya sayar da arha sai ya ninka kuɗinsa, wani lokaci har fiye. Manomi bai ci ribar ba, mai saye a Yawunde ya sha tsada, sai a dubi wanda ke tsakiya a ce shi ne ɓarawo. Akwai ɓarayi a tsakiyar, za mu zo kansu. Amma babban abin da ke cinye albasar nan rashin wurin ajiya ne da doguwar hanya.

Daga Marwa zuwa Yawunde ta Garwa, Ngawundare, Maiganga, Garwa-Bulai da Bertuwa, tafiya ce ta sama da kilomita 1,200. A watan Fabrairun 2023 litar gas ta tashi daga sefa 575 zuwa 720. A Fabrairun 2024 ta koma 828. Fetur kuwa daga 630 ya je 730, ya ƙara zuwa 840. Wato cikin shekara guda da 'yan kwanaki, man da tirela ke sha ya ƙaru da sefa 253 a kowace lita, kashi 44 cikin ɗari. Mai mota ba zai biya daga aljihunsa ba, a kan buhu zai ɗora. Wannan mun fahimta, mun kuma ji dalilin da gwamnati ta bayar na nauyin tallafin mai a kan baitulmali. Haka nan sefa 500 da ake biya a kowane shingen kuɗin hanya: ana ba mu tikiti, mun san doka ce, ba mu taɓa yin ƙorafi a kai ba, ko da yake idan mutum ya dubi halin da titin Ngawundare zuwa Garwa ya daɗe a ciki, zai so ya san inda ɗari biyar ɗin ke tafiya.

Abin da ya kai mu bango shi ne kuɗin da ba shi da takarda. Tsakanin shingen da doka ta sani da mai bi masa, akwai wasu da ba a san wanda ya kafa su ba: igiya, ko katako mai ƙusoshi, ko ganga biyu a tsakiyar titi. Wasu masu tsaronsu da kaki, wasu da riga mai ƙyalli, wasu ko wannan babu. Za a karɓi takardun mota, a juya su, a ga komai ya cika, sannan a sa su a aljihu a koma inuwa a zauna. Direba ya san ma'anar zaman. Idan ya miƙa na goro, minti biyu ya wuce. Idan ya ce yana da gaskiya, sai a ce ya gyara fakin, a sauke kaya a ƙirga buhu-buhu. Mai ɗauke da siminti ko ƙarfe zai iya kwana biyu a bakin hanya yana jayayya, kayansa ba abin da zai same su. Mai albasa ba zai iya ba, mai shanu ba zai iya ba, kuma masu igiyar sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa motar abinci ta fi kowace mota tsada a gare su.

Wanda bai taɓa buɗe tamfal ɗin motar albasa bayan ta yi jinkiri ba, ba zai gane abin da muke faɗa ba. An loda ta a busasshen zafin Marwa. Ta hau dutsen Mbe da ƙyar, ta sha sanyin tudun Adamawa, sannan daga Garwa-Bulai ta gangara cikin laimar kurmi. Albasa takan yi gumi a cikin buhu. Kowace sa'a da ta ƙara a tsaye, na ƙasa na dahuwa. Idan ta iso, a zazzage a tsince, wadda ta yi ruwa a zubar, wadda ta fara taushi a karyar da ita ga masu abincin sayarwa. Kuɗin wadda aka zubar kuwa, wadda ta tsira ce za ta biya shi. Ga kuma ma'aunin manyan motoci, inda mota ɗaya da kaya ɗaya za ta nuna nauyi daban a wuri daban, kuma ba mai yi maka bayanin yadda buhunan suka ƙara ƙiba a hanya. Bankin Duniya ma ya yi rahoto a 2018 kan cinikin kayan gona a ƙasashen yankinmu na CEMAC, ya nuna yadda irin wannan tsangwama a hanya da kasuwa ke cin kuɗin manomi da mai saye. Wato abin a rubuce yake a ofisoshinku tun kafin wannan takarda tamu.

Na shanu ya fi ciwo, don rai ne. Bafatake zai je Ngawi kusa da iyakar Afirka ta Tsakiya, ko Adumri, ko Bogo, ya sayi shanu da kuɗi hannu, ya biya la'ada, ya biya takardar likitan dabbobi, ya biya kuɗin kara. Tun 1974 da titin jirgi ya kai Ngawundare, kilomita 622 daga nan, tarago ne hanya mafi sauƙi ga dabba. Wanda bai samu tarago ba sai ya hau titi. Sa a cikin mota ba ya ci, ba ya sha, a tsaye yake a matse. Kwana ɗaya na jinkiri nama ne ke zubewa daga jikinsa, wanda ya faɗi kuma sai wuƙa a bakin hanya, a sayar da shi rabin kuɗi idan an yi sa'a. A can baya kuma, makiyayan Adamawa da Mayo-Rey sun shafe shekaru suna fama da masu satar mutane don kuɗin fansa. Mutumin da ya sayar da garkensa don ya karɓo ɗansa ya fita daga kasuwa ke nan har abada, wani kuma ya kora nasa ya bar ƙasar. Bayan duk wannan, sai a ƙayyade wa mahauci kuɗin kilo na nama a kan teburinsa, alhali ba wanda ya ƙayyade kuɗin san da ya saya a kara. Mahautanmu da yawa yanzu da bashi suke yanka: su karɓi sa da safe, su biya da yamma, idan bai fitar da kuɗinsa ba a rubuta saura. Haka bashi ke taruwa har mutum ya daina fitowa kasuwa don kunya.

Yanzu ku ɗora wannan a gefen abin da ke shigowa ta teku. A 2022 Kamaru ta shigo da shinkafa sama da tan 800,000, a kan kuɗi sama da sefa biliyan 260. Alkama ta haura tan 900,000, ita ma kusan wannan kuɗin. Shinkafar Indiya ko ta Tailan, da zarar ta fita tashar jiragen ruwa ta Duwala, kilomita kusan 240 ne ya rage mata ta iso Yawunde, a busasshen buhun da ba ya ruɓewa. Shinkafar Yagwa da Maga kuwa, wadda aka kafa kamfanin SEMRY dominta tun 1971 aka gina mata dam ɗin Maga a 1979, sai ta ratsa ƙasar nan daga kai har ciki kafin ta ga Mokolo. Shi ya sa da yawanta ke tsallakawa Najeriya tana shanshera, don masu injin casa na can sun fi kusa kuma da kuɗi a hannu suke zuwa. Manomin Yagwa ya yi lissafi ne kawai, kuma lissafinsa daidai ne. An taɓa gwada alkama a Wasande cikin Adamawa, aka kafa kamfanin SODEBLE a 1975, bai yi nisa ba ya mutu. A Maris na 2022 burodin da ake saye 125 ya koma 150, saboda yaƙin da ake yi a wata nahiya.

Mun ji jawabai, kuma muna riƙe da su. A Janairun 2011, a babban bajekolin noma da kiwo na Ebolowa, shugaban ƙasa Paul Biya ya yi maganar sabon salon noma, aka yi alkawarin bankin manoma. Manomin albasa na Koza har yau bai ga ƙofar bankin ba. Mai ba shi bashi shi ne dillali, da irin sharaɗin da dillali ya ga dama. An zo da tsarin raya ƙasa na 2020 zuwa 2030, wanda ginshiƙinsa shi ne mu noma abin da muke ci mu rage sayowa daga waje. An biyo da shirin rage shigo da abinci na PIISAH, na 2024 zuwa 2026, aka ambaci kuɗi sama da sefa biliyan dubu. Duk muna goyon baya, domin mu ne farkon waɗanda za su ci moriya. Sai dai ko an ninka abin da ake nomawa sau biyu, idan hanyar da zai bi ya iso baki tana nan da igiyoyinta, an ƙara wa masu igiya kasuwa ne kawai.

Kuma mun ga yadda gwamnati ke iya tsara abu idan ta so. Auduga na da SODECOTON tun 1974: ana ba manomi iri da taki bashi, ya san farashi kafin ya kai kaya, mota ta zo har ƙauye ta ɗauka. Koko na da hukumarsa da ke bayyana farashi, kuma a 2024 kilo ya haura sefa 5,000 a hannun manomi, muka taya 'yan'uwanmu na kudu murna. Ayaba na da manyan gonakinta, barkonon Penja ya samu shaidar asali tun 2013 har Turai ta san shi. Waɗannan duka kayan da ake fitarwa ne a samo kuɗin waje. Albasa, wake, gyaɗa, dawa da masakwa, waɗanda su ne ke cikin tukunyar talaka kullum, kuma su ne motocinmu ke kaiwa Ambam da Kye-Ossi da Abang-Minko'o don kasuwannin Gabon da Ikwatoriyal Gini, ba su da uba a gwamnati. Ba a tunawa da su sai ranar da suka yi tsada.

A Disamban 2021 an dakatar da fitar da hatsi da man girki da wasu kaya zuwa ƙasashen waje, don a kare kasuwar cikin gida. Niyyar ba mu ƙi ta ba. Amma umarni irin wannan idan ya sauka dare ɗaya, yakan tarar da mutum ya riga ya karɓi kuɗin abokin cinikinsa na Libarbil, ya riga ya yi lodi. Sannan ya zama sabuwar hujja a bakin igiya: motar masarar da za ta Yawunde sai a ce ai waje za ta, a kawo shaidar cewa ba waje za ta ba. A ɓangaren Arewa kuma, kasuwar Amchide da Banki ta durƙushe tun 2014 saboda Boko Haram. A shekarar ce aka kai hari sansanin ma'aikatan titi 'yan Sin a Waza, aikin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri ya tsaya, aka yi shekaru ana jiransa, alhali ita ce jijiyar cinikinmu da Cadi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Daga 2023 darajar naira ta zube, ciniki tsakaninmu da Mubi da Yola da Maiduguri ya birkice. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutum sama da 400,000 a Arewa Mai Nisa, ta cinye dubban kadada na gonaki a Mayo-Danay da Logone-da-Shari. Waɗannan wasu ƙaddara ce, wasu daga maƙwabta suka zo, ba mu ɗora wa kowa a nan ba. Mun kawo su ne don a san cewa jikin da ake tatsa ya riga ya rame.

Ga abin da muke nema. Mun raba shi biyu, don kada a ce mun nemi a gina titi cikin mako uku.

Kashi na farko ba ya bukatar kasafin kuɗi, sa hannu kawai yake bukata, kuma shi ne wa'adin ya rataya a kansa. A fitar da jerin shingayen da doka ta amince da su daga Kusuri zuwa Yawunde, da daga Yawunde zuwa Kye-Ossi, a faɗi hukumar da ke kowanne da takardar da take da ikon tambaya, a buga a jarida a karanta a rediyo, a ba kowane direba kwafi. Duk wanda ba ya cikin jerin a ɗauke shi. Motar da ta ɗauko kayan da ke lalacewa ko dabbobi masu rai, a duba ta sosai a inda aka yi lodi, a auna ta a can, a ba ta takarda guda mai hatimi, sannan kada a riƙe ta fiye da sa'a ɗaya a kowane shinge sai da dalili a rubuce da sunan wanda ya riƙe ta. Kowane kuɗin da ake karɓa a kasuwa da kara, na ƙasa ne, na sauke kaya ne, na shara ne, a rubuta shi a allo a bakin ƙofa da Faransanci da Ingilishi da Hausa da Fulatanci, kuma ko dala ce a ba da rasit. Sannan kafin a ƙayyade farashin nama ko hatsi, ko a hana fitar da wani kaya, a zauna da wakilanmu da na manoma da na direbobi da na iyayenmu mata masu kiri, wato bayam-salam, a baje lissafi a kan tebur, a kuma ba da sanarwar kwana 30. Littattafanmu a buɗe suke. Wanda ya ga ribar da ta wuce hankali a ciki ya nuna mana ita a gaban jama'a.

Kashi na biyu mun san zai ɗauki lokaci, don haka rana kawai muke so a rubuta mana. Yaushe za a gama titin Ngawundare zuwa Garwa, da na Mora zuwa Kusuri? Nawa ne daga kuɗin shirin rage shigo da abinci aka ware wa rumbunan ajiyar albasa da hatsi a inda ake noma su, kuma a waɗanne garuruwa? Yaushe Yawunde za ta samu filin sari na kayan Arewa mai rufi da magudanar ruwa, inda tirela za ta shiga ta sauke ba tare da ta toshe unguwa ba? Muna kuma roƙon a tsara taragun dabbobi da ranaku sanannu, ta yadda ƙaramin bafatake mai shanu goma zai san ranarsa kamar yadda mai ɗari ya sani.

Yanzu ga namu, kuma a nan ba za mu sassauta murya ba. Alhazai da 'yan'uwa, mun san junanmu. Akwai mai cika sito da wake da kaka ya kulle, ya jira azumi. Akwai mai jera manyan albasa a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a ciki. Akwai mai bugun gindin mudu, akwai mai sikelin da ya san hannun maigidansa. Akwai mai zuba wa wake maganin ƙwarin da ba na abinci ba, ya sayar wa matar da za ta dafa wa 'ya'yanta. Akwai mai bin manomi da bashin ba-da-kaka tun shuka ba ta fito ba, ya karɓi buhu biyu a kuɗin ɗaya. Akwai kuma mai ɗora wa mota kayan da ya fi ƙarfinta, don ya san zai saye ma'auni, shi ne kuma ya koya wa masu igiya cewa kowane ɗan kasuwa yana da abin ɓoyewa. Daga ranar da aka karanta wannan takarda a unguwa, duk wanda aka kama da ɗaya daga cikin waɗannan, ƙungiyarmu ba za ta je belinsa ba, ba za ta roƙa masa sassauci ba, kuma za a cire sunansa daga littafinmu a sanar a kasuwa. Ba za mu tsaya gaban hukuma muna neman adalci da mudun algus a bayan rumfa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kowane mai kaya kuma ya ba yaron motarsa littafi. A rubuta wuri, da rana, da sa'a, da abin da aka karɓa, da tsawon lokacin da aka riƙe mota. A kira lambar 1517 ta hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC tun ana wurin. Kada a zagi kowa, kada a ɗaga hannu. Abin da aka tara cikin kwanakin nan 21, shi za mu ɗora a kan tebur ranar zama.

Idan wa'adi ya cika shiru, ga yadda za a yi. A rana ta 22 za mu dakatar da lodin albasa, gyaɗa, wake da hatsi daga Arewa na kwana uku. Rumfuna za su kasance a buɗe, abin da ke sito za a ci gaba da sayar da shi a kan farashin da yake kafin ranar, kuma za mu sa dattawa su zaga; wanda ya ƙara ko sefa biyar don ya ci ribar yajin, hukuncin da muka faɗa a sama ya hau kansa. Idan mako ya ƙara zagayowa ba labari, fataken dabbobi za su bi sahu, mahautanmu su rataye wuƙa kwana biyu, kuma duk mai zuwa Briqueterie da dare daga kowace unguwa don tsire da kilishi zai tarar da tukuba a sanyaye. Bayan wannan, sai dakatarwar da ba mu sa mata rana ba. Abincin asibitoci da gidajen marayu da gidajen kurkuku ba ya cikin wannan. Masu kwangilarsu su ci gaba, ƙungiya za ta ba su takarda. Mun kuma aika wa abokan cinikinmu manoma da makiyaya saƙo tun yanzu, don kada wani ya cire albasa ko ya koro shanu ya zo ya tarar ba mota. Mun san su ma za su ji a jikinsu, mu ma za mu yi hasara, 'yan dakonmu masu cin na yau da yau sun fi kowa, shi ya sa muka ware musu wani abu daga asusun ƙungiya.

Ba za mu tare hanya ba, ba za mu ƙona taya ba, ba za mu hana wanda ba ɗan ƙungiya ba yin cinikinsa. Da yawanmu muna garin nan a Fabrairun 2008, lokacin da yajin direbobi kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama tarzomar tsadar rayuwa, gwamnati da kanta ta ce mutum 40 sun mutu a faɗin ƙasa, shaguna da yawa suka ƙone, wasu na 'yan'uwanmu ne. Wanda ya ga wannan ba ya marmarin ya sake gani. Duk taron da za mu yi, za mu sanar da hukuma kamar yadda dokar 19 ga Disamba 1990 kan tarurruka ta tanada. Samarin unguwa, ku ji da kyau: duk wanda ya ɗauki dutse da sunanmu, mu da kanmu za mu miƙa shi. 'Yan siyasa kuma na kowane ɓangare, muna gode muku, amma a bar mana maganarmu. Cikinmu akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma igiyar kan hanya ba ta tambayar katin kowa.

Iyayenmu mata na Mokolo da Mfoundi, masu saye a hannunmu ku kasa, ku ne ke shan zagin mai saye a madadin kowa. Muna neman afuwarku kan kwanakin da kaya za su yanke, muna kuma gayyatar shugabanninku su zauna tare da mu a gefe ɗaya na teburin. Jama'ar Yawunde, kada kowa ya ruga ya tara kaya a gida, hakan ne zai tayar da farashin da muke ƙoƙarin saukarwa.

Ranku ya daɗe, wakilanmu a shirye suke kowace rana ban da lokacin sallar Juma'a. Ana iya aiko da amsa a rubuce ta hannun iyayenmu sarakunan unguwa, waɗanda muka ba kwafin wannan takarda tare da sunayen mutanen da za su yi magana da yawunmu. Ƙirgen kwanakin zai fara ne daga ranar da ke jikin hatimin karɓa.

Wassalam.

Shugaba da Sakatare,
a madadin 'yan kasuwar kayan gona da dabbobi na unguwar Briqueterie, Yawunde.